Janar J.E.B. Stuart: Jagoran Mahaya Dawakai a Yaƙin Basasar Amurka

An haifi James Ewell Brown Stuart ranar 6 ga Fabrairu, 1833, a jihar Bajiniya ta Amurka. Ya gama makarantar horon hafsoshi ta West Point a 1854, aka tura shi yammacin ƙasar, inda aka ji masa rauni a 1857 a wani artabu da ƙabilar Cheyenne. A 1859 yana cikin sojojin da Robert E. Lee ya jagoranta zuwa Harpers Ferry don kama John Brown, mai fafutukar 'yanta bayi.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, Stuart ya ajiye muƙaminsa, ya bi jihohin Kudu da suka ɓalle don kare bautar da baƙar fata. Wannan zaɓi ya raba gidansa biyu, domin surukinsa, Philip St. George Cooke, ya tsaya tare da gwamnatin Tarayya. Haushin haka ya sa Stuart ya sauya sunan ɗansa, wanda da ma sunan surukin aka raɗa masa.

Babban aikin mahaya dawakai a wancan zamani shi ne leƙen asiri: su gano inda abokan gaba suke, su kuma hana a gano motsin rundunarsu. A nan Stuart ya yi fice. A watan Yuni, 1862, ya ɗauki mahaya kimanin 1,200, ya kewaye rundunar Janar McClellan kaf, ya komo wa Lee da labarin ɓangaren da ba shi da tsaro. Cikin masu bin sawunsa har da surukin nasa. A Mayu, 1863, da aka harbi Janar Jackson a Chancellorsville, Stuart ne ya karɓi ragamar dakarunsa har aka ci nasara.

Daga nan al'amura suka fara juyawa. Ranar 9 ga Yuni, 1863, mahayan Tarayya suka shammace shi a Brandy Station, jaridun Kudu suka yi ta sukarsa. A ƙarshen watan ya sake fita kewaye abokan gaba, ya kwace kekunan kaya 125, amma ganimar ta rage masa sauri. Kwanaki Lee yana tafiya cikin ƙasar abokan gaba ba labari daga gare shi. Stuart bai iso Gettysburg ba sai ranar 2 ga Yuli, an riga an kwana ana yaƙi. Garin neman gira aka rasa ido. Har yau masana tarihi suna muhawara: wasu sun ɗora masa laifi, wasu sun ce umarnin Lee ne ya ba shi wannan dama.

Ranar 11 ga Mayu, 1864, ya tari rundunar Janar Sheridan, wadda ta fi tasa yawa nesa ba kusa ba, a Yellow Tavern. Wani sojan Tarayya ya harbe shi, ya rasu washegari a Richmond yana ɗan shekara 31.

A 1907 aka kafa mutum-mutuminsa a Richmond. A 2020 aka sauke shi, saboda mutane da yawa sun ƙi yarda a ci gaba da girmama wanda ya yi yaƙi don bauta ta ɗore, komai bajintarsa a kan doki.