Tajikistan: Musulunci da siyasa bayan mulkin kwaminis

Tajikistan ƙasa ce ta tsakiyar Asiya mai iyaka da Afganistan, babban birninta Dushanbe. Sama da kashi 90 cikin 100 na jama'arta Musulmi ne, akasari ƴan mazhabar Hanafiyya, sai Isma'iliyya a tsaunukan Badakshan. Zamanin Tarayyar Sobiyet an rufe yawancin masallatai, karatun addini sai a ɓoye cikin gidaje.

Bayan samun ƴancin kai a 1991, yaƙin basasa ya ɓarke a 1992 tsakanin gwamnati da ƴan adawa, cikinsu har da jam'iyyar Farfaɗo da Musulunci ta Sa'id Abdullo Nuri. Dubun dubatar mutane sun mutu. Yarjejeniyar sulhu ta 1997 ta ware wa adawa kashi 30 cikin 100 na muƙaman gwamnati, aka kuma halatta jam'iyyar, abin da babu irinsa a sauran ƙasashen yankin da suka fito daga Sobiyet.

To amma zaman bai ɗore ba. A 2015 kotun ƙoli ta haramta jam'iyyar bisa zargin ta'addanci, aka ɗaure shugabanninta, jagoranta Muhiddin Kabiri kuma yana gudun hijira.

Yau gwamnatin Emomali Rahmon ce ke riƙe da linzamin addini. Dokar 2011 ta hana ƴan ƙasa da shekara 18 sallar jam'i a masallaci, ta 2024 kuma ta haramta "tufafin baƙi", wato hijabi ke nan. Hukuma ta ce tsattsauran ra'ayi take yaƙa. Masu kare haƙƙin ɗan Adam sun ce danne ƴancin ibada ne.