Gidan Sarautar Damagaram: su wane ne, kuma mene ne alaƙarsu da ƙasar noma?

Yau mun leƙa tarihin gidan da ya daɗe yana riƙe da Zinder.

Asalin gidan ana danganta shi da wani malami da ya fito daga wajen Barno a ƙarni na 18. Zuriyarsa sun yi ta zama ƙauye-ƙauye, har Sarki Sulaiman ya mai da Zinder mazaunin sarauta a farkon ƙarni na 19. A lokacin Damagaram tana kai gaisuwa Barno.

Wanda ya fi ɗaga sunan gidan shi ne Tanimun ɗan Sulaiman, da ya rasu a 1884. Shi ya kewaye Birni da ganuwa, a zamaninsa aka ƙera igwa a Zinder, ayarin raƙuma kuma na zuwa daga Tarabulus. Amma ƙarfin nan ba daga fatauci kaɗai ya fito ba. A al'adar wancan zamani ƙasa a hannun sarki take. Shi ke ba hakimai da barori yankuna, bayi na noma gandu, talakawa kuma na kai zakkar hatsi.

Sai Nasara suka zo. A 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder, zamanin Amadu Kuran Daga. A 1899 Faransawa suka ci yaƙin Tirmini, suka shiga birnin. A 1906 suka tuɓe Amadu ɗan Bassa, suka kai shi Kodebuwa. Sarautar ba ta koma hannun gidan ba sai 1923.

To, ina ruwanmu da wannan a yau? Gonaki da yawa a karkarar Damagaram da baki aka bayar da su, wata kyauta, wata aro, babu takarda. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta amince da mallakar gargajiya, ta kuma kawo kwamitocin filaye da muke kira COFO. Sarakuna har yanzu su ke fara sasanta rikicin gona.

Saboda haka, ƴan uwa da ke Kano, Legas ko Abijan, ku tambayi dattawa tun suna raye: gonar gidanku gado ce, kyauta ce, ko aro? In kun ji amsa, ku je a rubuta.