Tom na Finland: Mai Zanen Tallan da Maza Suka Kwaikwayi Zanensa

A watan Satumban 2014 hukumar gidan waya ta ƙasar Finland ta fitar da kan sarki guda uku ɗauke da zanen Touko Laaksonen, wanda duniya ta fi sani da Tom of Finland. Tun kafin su shiga kasuwa, masu saye daga ƙasashe 178 suka yi odarsu. A shekarun da Laaksonen ya fara irin wannan zane na maza masu son maza, aika shi ta gidan waya ma kasada ce, domin har zuwa 1971 dokar Finland tana ɗaukar tarayyar namiji da namiji a matsayin laifi, kuma sai a 1981 aka cire ta daga jerin cututtuka.

Masu nazari kan tsaya ga tsiraicin da ke cikin aikinsa, alhali masu zanen batsa sun yi yawa a zamaninsa kuma an manta da akasarinsu. Abin da ya raba shi da su shi ne sana'arsa ta rana. An haife shi ranar 8 ga Mayun 1920 a Kaarina, kusa da Turku, iyayensa malaman makaranta ne. A 1939 ya koma Helsinki don koyon aikin talla, daga bisani ya zama babban mai tsara zane a reshen kamfanin McCann-Erickson, inda ya zauna har 1973. Ya san yadda ake zana abu har mai kallo ya ji yana son ya mallake shi, kuma wannan ilimin ya ɗora a kan siffar namiji mai son maza.

A wancan lokaci likitoci da jaridu da finafinan Turai da Amurka suna nuna irin wannan namiji a matsayin marar lafiya, rarrauna, mai sunkuyar da kai. Laaksonen ya ɗauko mazan da jama'a ke ɗauka su ne ƙarshen mazantaka: masu saran itace a daji, matuƙa jirgin ruwa, 'yan sanda, sojoji da 'yan babur. A 1956 ya aika zanensa ga mujallar Physique Pictorial ta Los Angeles, wadda ke fakewa da motsa jiki don kauce wa hukumar tace ɗab'i. Editanta, Bob Mizer, ya sa zanen masu saran itace a bangon fitowar bazarar 1957, shi ne kuma ya raɗa masa sunan da ya bi shi har kabari.

Wanda ya duba zanensa da kyau zai ga inda fensir ya fi daɗewa. Ƙyallin jaket ɗin fata yana fitowa kamar a taɓa, ana ganin kowace lanƙwasa a dogon takalmi, hular kaki ta karkata gefe guda, gashin baki a gyare. Sai kuma fuska: kusan kullum mazan nan murmushi suke yi. Kake, jarumin littattafansa na zane da ya fara fitowa a 1968, yana yawo a kan babur ba tare da alamar tsoro ko nadama ba, kuma kusan babu magana a shafukan, don haka Bajamushe da Ba'amurke duk suna karantawa ba tafinta.

Daga nan abin ya juya. A shekarun 1970, a San Francisco da New York da Hamburg, maza suka fara sa jaket ɗin fata da matsattsen wando, suna tsayar da gashin baki, suna ɗaga ƙarfe don ƙirjinsu ya faɗaɗa. Fim ɗin Marlon Brando na 1953, The Wild One, ya riga ya sa kayan fata a idon matasa, amma Laaksonen ne ya ɗinke su da sha'awa ya maimaita su cikin zane kusan 3,500. Da ya fara zuwa Amurka a 1978, ya tarar da mutane masu rai sanye da abin da ya zana a ɗakinsa na Helsinki. Ana ganin inuwar wannan shiga a jikin mawaƙi Freddie Mercury da ƙungiyar Village People.

Gadon yana da ƙaya. Laaksonen ya yi aikin hafsa a rundunar kakkaɓo jiragen sama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da Finland ke ƙawance da Jamus, kuma wasu zanensa na farko suna ɗauke da kakin sojojin Nazi. Ya sha bayyana cewa yana ƙin aƙidarsu, kakin ne kawai ya ja shi, daga baya ma ya nesanta kansa da waɗannan zane. Duk da haka tambayar tana nan: shin ana iya raba tufar zalunci da zaluncin? An kuma soki yadda ya zana baƙaƙen fata, cewa ya ƙara wa tsohon tunanin wariya ƙarfi ta hanyar mayar da su jiki zalla. Akwai kuma siriri da mai ƙiba da mai laushin hali, waɗanda ba su ga kansu a zanen ba. Talla takan ɗaga siffa guda ta bar saura a baya, kuma tasa ba ta kuɓuta daga hakan ba.

A 1984 shi da abokin aikinsa Durk Dehner suka kafa gidauniya a Los Angeles don adana aikinsa da na sauran masu irin wannan zane, a shekarun da cutar ƙanjamau ke ɗauke mawallafa da masu zane, iyalai kuma ke zubar da abin da suka bari. Ya rasu a Helsinki ranar 7 ga Nuwamban 1991.

Karɓuwar da ta biyo baya ta zo da tata tacewar. Gidan adana fasahar zamani na New York, MoMA, ya mallaki wasu zanensa, kamfanin Finlayson ya buga su a kan zanin gado da tawul, Dome Karukoski ya yi fim ɗin rayuwarsa a 2017, shekarar da auren jinsi ɗaya ya fara aiki a Finland. Sai dai abin da ke shiga shaguna yawanci shi ne mai sauƙin kallo. Baje kolin da gidan Kiasma na Helsinki ya shirya a 2023 ya fi kusa da cikakken mutumin, domin ya tattaro aikinsa na shekaru sittin, tun daga zanen ƙuruciya har zuwa na ƙarshen rayuwarsa, a birnin da ya daɗe yana ɓoye sunansa na gaskiya.