Daga Macijin Nokia Zuwa Lambar NIN: Tarihin Sirrinmu a Bakin Iyaka

Shirin yau tarihin abin da ke hannunka ne, wannan wayar da kake karanta ni da ita.

Ga abin da ya jawo maganar. Makon jiya a gida Bugaje, ƙanena ya miƙo min wayarsa in duba masa wani gem na tseren mota da ya ƙi buɗewa. Ashe izini yake nema: yana so ya ga lambobin da ke cikin wayar, da hotuna, da wurin da mai wayar yake. Na ce, "Kai, me ya haɗa tseren mota da lambar Inna?" Ya ce, "Yaya, danna kawai, kowa haka yake yi." To, yaushe muka zama masu danna kawai? Mu koma baya.

A watan Agustan 2001 MTN da Econet suka fara aikin wayar salula a Najeriya. Lokacin layi kaɗai ya haura naira dubu goma, amma in ka biya shi ke nan, ba mai ɗaukar hotonka, ba mai neman yatsanka. Gem ɗin farko da yawancinmu muka taɓa shi ne macijin nan na Nokia 3310, a wayar wani kawu, a sace. Macijin bai san sunanka ba, kuma bai taɓa tambaya ba. Daga nan sai gidan gem. Ranar kasuwar Jibiya mukan sulale mu shige wani ɗaki mai talabijin biyu, PS2 da janareto, mu biya naira ashirin mu buga Winning Eleven. Wanda aka ci ya tashi. Sirrin da muke tsoro ya tonu guda ɗaya ne tak, kada Baba ya ji.

A 2011 hukumar sadarwa ta NCC ta fara rajistar layuka, da hoto da zanen yatsu. An ce don tsaro ne. Da yawa sun ɗauka wasa ne, sai a 2015 hukumar ta ci MTN tarar dala biliyan 5.2 saboda rashin katse layuka sama da miliyan 5 da ba su da cikakkiyar rajista. A 2016 aka sasanta a kan naira biliyan 330. Tun daga nan layi ya zama kamar katin shaida.

A tsakanin nan Tecno da Itel da Infinix suka cika aljihunmu. Ku tuna yadda muke yi: ka kai wa mai turi memorinka ya zuba maka waƙa da fim da gem, ka bar masa ka shiga kasuwa, alhali hotunan gidanku duk suna ciki. Sai Free Fire ya fito a 2017, PUBG Mobile a 2018. Su kam sai da data, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ka shiga da Facebook ɗinka. Kyauta ne a ido, amma Bahaushe ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Gem na kyauta da talla yake ci, da kayan da ake saye a ciki, masu talla kuma bayananka suke so: shekarunka, garinka, irin wayarka, awa nawa kake yi a kanta.

A Disambar 2020 gwamnatin tarayya ta ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN. Mun bi layi cikin sanyin hunturu, tsofaffi da masu goyo, muka ba da suna, hoto, yatsu goma. Sai ga Satumbar 2021. Bayan Zamfara, aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Jibiya, aka kuma hana sana'ar cajin waya a wurare da dama. Dalilin da gwamnatin Aminu Bello Masari ta bayar shi ne a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Wanda ya binne ɗan'uwansa ba zai raina wannan dalili ba, ni ma ban raina ba. Amma na ga abin da ya biyo baya da idona. Masu POS sun zauna. Don ka tura saƙo ɗaya sai ka hau mota zuwa Katsina. In an shigo ƙauye da dare, ba hanyar kiran kowa. Na kusa da Magama suka koma layin Nijar, ana yawo da waya a sama ana neman sabis ɗin da ke tsallakowa daga wajen Ɗan Issa. Kuma wallahi waɗanda aka yi dokar dominsu ma sun san wannan hanyar. Yara kuwa suka koma ludo da karta, don Free Fire ba ya tashi ba sabis. A waɗannan watanni na gane cewa wayar tawa ce, amma makunninta yana hannun wani.

A Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 kira saboda rashin NIN. Mu mun cika namu alkawarin. To wa ke gadin abin da muka bayar? Sai a Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan 'yan ƙasa, wadda ta kafa hukumar NDPC. A 2024 kuma ƙungiyar Paradigm Initiative ta fallasa wasu shafukan intanet da ke sayar da bayanan mutane a kan naira 100. Kuɗin da bai kai na cajin waya sau biyu ba.

Wani abokina ya ba wani mutum takardar NIN ɗinsa, wai za a sa shi a tallafi. Tallafi bai zo ba. Da ya je gyara layinsa sai aka nuna masa wasu layuka biyu da sunansa, bai san su ba. A yankin da da waya ake cinikin kuɗin fansa, ka san abin da wannan ke nufi: ranar da aka bi sawun layi, ƙofar gidansu za a ƙwanƙwasa.

Ba na ce a daina gem ba, ni ma daren jiya ƙanen nawa ya zura min uku a eFootball. Abin da nake cewa, mu mutane ne masu zaure, baƙo ba ya wuce shi sai da izinin mai gida. Mu yi wa waya zaure. Gem ya nemi lambobi ko hotuna, ka hana shi, yawancinsu za su tashi a haka. Cire memori kafin ka ba da gyara ko caji. Lambar sirrin da banki ya turo maka, ko wanda ya kira ya rantse daga banki yake, kada ka karanta masa. Ka je ofishin layinka ka tambayi layuka nawa ke kan NIN ɗinka, ka kuma raka Baba da Inna su duba nasu.

Ƙanen nawa dai mun danna "a'a" sau uku, motar ta tashi lafiya lau. Ku faɗa min, wane gem kuka fara bugawa, kuma a wayar wa? Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah Ya zaunar mana da yankinmu lafiya.