Gabar Tsofaffin Taurari: Wa Ya Ci Ribarta?

 Yau tarihi na kawo muku, na wasu mata biyu 'yan fim a Amurka, Bette Davis da Joan Crawford, waɗanda suka kwashe shekaru aru-aru ba sa ga maciji da juna, alhali ba miji ɗaya suke aure ba. A shekarar 2017 tashar FX ta mai da labarinsu wasan kwaikwayon talabijin mai kashi 8, sunansa Feud, watau gaba. Susan Sarandon ta fito a Bette, Jessica Lange kuma a Joan.

Ita Joan da rawa ta fara, tun zamanin fim marar magana, kuma Allah ya zuba mata kyau na tsayar da mai tafiya. Bette kuwa iya wasa ne jarinta, har ta ci kyautar Oscar sau biyu, da finafinanta na 1935 da 1938. Ana cewa a 1935 ɗin wutar ta tashi, don Bette ta kamu da son wani Franchot Tone da suka yi fim tare, sai ga shi a shekarar ya auri Joan. Daga baya Joan ta koma kamfanin Warner Brothers, gidan da Bette take uwargida, ta ci nata Oscar ɗin da fim ɗin Mildred Pierce na 1945. Kun ga amarya ta shigo da ƙafar dama ke nan.

To amma yau da gobe ba ta bar komai ba. Da suka haura shekara 50 sai masu kamfanoni suka juya musu baya suka koma kan yara masu jini a jika, alhali mazan da suka tsufa tare da su ana ta ba su fim. A watan Satumba na 1962 sai da Bette ta buga talla a jaridar 'yan fim tana neman aiki, mace mai shekara 30 a sana'ar.

Rashin aikin ne ya haɗa su a fim ɗaya tilo da suka kammala tare, What Ever Happened to Baby Jane? na 1962, wanda Robert Aldrich ya ba da umarni. Labarin ya da ƙanwa ne, tsofaffin 'yan wasa, ɗaya gurguwa a kan keke, ɗayar tana gana mata azaba. Jaridu suka yi ta yayata wai faɗan gaske ake yi a wurin ɗauka, jama'a suka yi tururuwa zuwa silima, kuɗi suka shigo. Wasan Feud ya nuna manyan kamfanin da wata 'yar jarida mai kai gulma, Hedda Hopper, suna hura wutar, don in matan suka shirya kasuwa ta mutu.

Da aka zo Oscar a 1963 aka sa sunan Bette cikin 'yan takara, ba a sa na Joan ba. Sai Joan ta shirya da Anne Bancroft cewa in ta ci za ta karɓar mata. Anne ta ci, Joan ta hau dandali tana murmushi, Bette na tsaye a bayan labule. A 1964 aka sake haɗa su a wani fim, Joan ta ce ba ta da lafiya, aka maye gurbinta da Olivia de Havilland. Joan ta mutu a 1977, Bette a 1989, ba su shirya ba. Abin tausayi, kowacce sai da 'yarta ta rubuta littafi ta tona mata asiri, na Joan a 1978, na Bette a 1985.

Kada ku ce wannan sai ƙasar Turawa. A watan Fabrairu na 2022 dattijuwar nan Ladin Cima, wadda ta tsufa a wasan Hausa, ta faɗa wa BBC Hausa cewa naira dubu 2 zuwa dubu 5 ake ba ta in ta yi fim. Wasu masu shirya fim suka musanta, aka yi ta cece-kuce, amma maganar ta sa an waiwayi iyayen nan da ake kira su fito a uwar jaruma, su yi kuka a sallame su.

Ni abin da na tsinta shi ne, duk inda mata biyu ke dambe, ki duba gefe za ki ga mai tara kuɗin kallo. Da Bette da Joan sun haɗa kai bayan fim ɗin 1962, da su ne za su yanka wa kamfani farashi. Haka yake tsakaninki da abokiyar zamanki, ko facalarki, ko wadda kuke sai da abu iri ɗaya a unguwa. In mai gulma ta kawo miki wai an ce, tambayi kanki me za ta samu. Sannan ki yi tanadi tun da sauran ƙarfi, ko adashi ne ko 'yar tunkiya, don ƙuruciya baƙuwa ce, ba ta sallama in za ta tafi.

Allah ya ba mu tsufa mai mutunci, ya raba mu da gabar da wani ke cin ribarta, amin. Na bar ku lafiya.