Tarihin Magungunan Buguwar Kai

Buguwar kai ita ce raunin da ƙwaƙwalwa ke samu idan kai ya bugu da ƙarfi. A yammacin Kano, kan hanyar da ta taso daga birni ta ratsa Rimin Gado da ƙasar Kabo ta nufi Gwarzo da Dayi, hatsarin babur da na mota na cikin manyan abubuwan da ke jawo ta. Hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano a watan Janairun 2013 bai raba ƙauyuka da babur ba. Labarin magungunan wannan rauni a warwatse yake cikin mujallun likitoci, kuma akasarinsa labari ne na magungunan da aka sa wa rai suka ba da kunya.

Tushen matsalar ɗaya ne. Ƙoƙon kai ba ya buɗewa, saboda haka idan ƙwaƙwalwa ta kumbura ko jini ya taru, ba inda za su je sai su matse ta. Bugun farko ya riga ya wuce, ba maganin da ke mayar da shi. Duk abin da likitoci ke nema shi ne hana ɓarnar da ke biyo baya.

Rage kumburi

A 1919 Lewis Weed da Paul McKibben suka nuna a Amurka cewa ruwan gishiri mai ƙarfi, idan aka ɗura shi ta jijiya, yana zuƙe ruwa daga ƙwaƙwalwar dabba. Daga wannan aka kai ga mannitol. Wasu littattafai na sa farkonsa a 1961, wasu a 1962. Duka biyun rahotannin Wise da Chater ne, kuma na 1962 shi ne cikakke. Har yau ana ɗura shi, yana sassauta matsi na 'yan awoyi kafin a kai ga tiyata. 

Zamanin sitiroyid

A farkon shekarun 1960 aka ga dexamethasone, wani maganin sitiroyid, na rage kumburin da ke kewaye da ƙari a ƙwaƙwalwa. Likitoci suka ce tunda ya yi a can, zai yi a buguwar kai. Sama da shekara 30 ana yi wa waɗanda suka yi hatsari allurar wannan rukunin magani, ba tare da an yi babban gwajin da zai tabbatar da amfaninsa ba.

Gwajin da ya warware zancen shi ne CRASH, wanda Ian Roberts na makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan ya jagoranta. An fara shi a 1999 da niyyar ɗaukar mutum 20,000, amma aka tsayar da shi a watan Mayun 2004 bayan an ɗauki 10,008 a asibitoci 239 na ƙasashe 49. Cikin mako biyu, kashi 21.1 cikin ɗari na waɗanda aka ba sitiroyid ɗin methylprednisolone sun rasu, a rukunin da ba a ba shi ba kuwa kashi 17.9. Wato maganin ƙara mace-mace yake yi. Wannan sakamako ya fi kowanne girma a tarihin fannin, domin ya ceci rayuka ta hanyar daina ba da magani, kuma ya kamata duk mai yin allura a karkara ya san shi. Dexamethasone dai bai rasa gurbinsa ba: ana ba da shi ga mai ƙari a ƙwaƙwalwa, da wanda ƙwaƙwalwarsa ta kumbura bayan gashin ciwon daji.

Sauran magungunan ba su da dogon labari. Binciken Temkin na 1990 ya nuna phenytoin na hana jijjiga a makon farko kawai, ba ya hana farfaɗiya daga baya. Progesterone ya faɗi a manyan gwaje-gwaje biyu a 2014. Amantadine, a gwajin mutum 184 na 2012, ya hanzarta farfaɗowar waɗanda suka daɗe ba sa cikin hayyacinsu.

Maganin tsayar da jini

Tranexamic acid ya fito daga Japan a 1962, daga hannun Utako Okamoto da mijinta Shosuke. Burinta shi ne a daina rasa mata wajen haihuwa saboda zubar jini. Aikinsa hana gudan jini narkewa da wuri. Gwajin CRASH-2 na 2010, mai mutum 20,211, ya nuna yana rage mutuwa ga masu zubar da jini bayan hatsari, kuma a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna. Utako ta rasu a 2016, shekara guda kafin gwajin WOMAN, wanda dubban matan Najeriya suka shiga, ya tabbatar da abin da ta nema tun farko. Ta ɗakin haihuwa ne ma'aikatan lafiya da dama a ƙasar nan suka san shi.

A 2019 aka fitar da CRASH-3, wanda ya gwada maganin kan masu buguwar kai, mai mutum 12,737 a asibitoci 175 na ƙasashe 29, har da Najeriya. A nan masana suka rabu. Idan aka haɗa duk waɗanda aka yi wa allurar cikin awa 3, bambancin mutuwa ƙarami ne: kashi 18.5 ga waɗanda aka ba maganin, kashi 19.8 ga waɗanda ba a ba su ba. Amma ga masu rauni mai sauƙi da matsakaici, mutuwa ta sauka daga kashi 7.5 zuwa 5.8, masu rauni mai tsanani kuwa ba su amfana ba. Wasu na ganin ware rukuni ɗaya a kafa hujja da shi ba ƙaƙƙarfar hanya ba ce. Hujjar masu goyon baya ta fi nauyi, domin maganin na da arha, gwajin bai nuna ƙarin toshewar jijiyoyi ba, kuma amfaninsa na raguwa da kowane jinkiri, kamar yadda aka gani a CRASH-2.

Wannan awa 3 ita ce abin da ya shafi Gwarzo da Kabo kai tsaye. Daga Gwarzo zuwa birnin Kano, inda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala Muhammad suke, kimanin kilomita 70 ne. Kafin a ɗauke wanda ya faɗi daga bakin titi, a nemo mota, a kira 'yan uwa, a haɗa kuɗi, lokaci ya ci rabinsa, balle idan an tsaya yayyafa masa ruwa ana jiran ya farfaɗo. Allurar ba ta buƙatar firiji, don haka wurin da ya dace da ita shi ne asibiti mafi kusa, ba ƙarshen tafiya ba.

Bayan 2019 aka fara CRASH-4 a Birtaniya, domin gwada yin allurar a tsoka maimakon jijiya ga tsofaffi masu rauni mai sauƙi.