Daga Igwar Tanimun zuwa Tukunyar Sanholo

A mulkin Sarki Tanimun na biyu, daga 1851 zuwa 1884, maƙeran Damagaram sun yi zubin igwa da tagulla domin tsaron ganuwar Birni. Girki kuwa ya zauna a hannun magina: a tukunyar ƙasa ake tuƙa tuwo, a cikinta matan Arna ke dafa giyar dawa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu zubin sanholo ya bazu a Afirka ta Yamma, har ya iso kasuwannin Zinder. Sanholo yana narkewa a digiri 660, don haka gawayi da zugazugi sun ishi maƙeri. Ƙarfe marar tsatsa sai zafi ya kai wajen digiri 1,400, shi ya sa ake shigo da shi daga waje, da tsada.

Sai dai arha ba ta ado. Tarkacen mota da ake narkarwa kan zo da dalma, abu mai tsami irin burkutu ko kunun tsamiya kuma yana tatso ta cikin abin sha. Talaka ya sami tukunyar da ba ta fashewa, tare da gubar da tukunyar ƙasa ba ta san da ita ba.